Ranar da Modu Ya Shiga Tseren Keke

Shekara goma sha tara ke nan ina gyaran keke a bakin kasuwar Diffa, kuma ban taɓa ganin mutumin da ke azabtar da keke kamar Modu ba. Ni Kalebu ne, daga Maraɗi na zo ina saurayi, ga shi yanzu furfura ta cim mini a ƙarƙashin rumfa ɗaya. Masu keke na garin nan duk na san su. Na san mai gaskiya, na san wanda zai ce iska kawai zan ƙara masa alhali tayar ta yage gida uku. Modu daban ne. Shi idan ya turo kekensa, sai in ji kamar in ba keken haƙuri kafin in taɓa shi.

Baƙin keke ne irin na da, mai nauyin tsiya, an yi masa walda a wuri uku, an ƙara wa kariyarsa ta ɗaukar kaya rodi. Da shi Modu ke dako. Buhunan tattasai daga tasha zuwa kasuwa, jarkokin ruwa, itace, siminti. Akwai ranar da na gan shi da ƙofar ƙarfe ɗaure a baya, yana tafe abinsa kamar ba komai. A shekarun da aka hana hawan babur a jihar nan, masu keke irinsa ne suka riƙe garin, ko da yake ban ji wanda ya taɓa ce musu sannu ba.

Ba da dako ya tashi ba. Manomin tattasai ne, Babarbare daga wani ƙauye na bakin kogin Komadugu, gaba da Geskeru kaɗan. Yana da gonar da ya gada, da injin ban-ruwa, da matarsa Hasna, da 'yarsu guda, Rashida. Ya ce mini lokacin shanyar tattasai tun daga nesa ake hango ƙauyen ya yi ja. Ban cika gaskata labarin waɗanda suka baro gida ba, don kowa a cikinsu gonarsa ta fi ta kowa girma. Amma hannun Modu hannun manomi ne, wannan kam ba sai an faɗa ba.

Yana da wani hali da ya daɗe yana ba ni haushi. Modu ba ya gaida wanda ya girme shi yana bisa keke. A garinsu, in ji shi, ba a gaida babba daga kan abin hawa, ko da jaki ne. Sai ya taka birki, ya sauko, ya jingine keken da kayansa duka, ya cire takalmi, ya rusuna, sannan a shiga gaisuwa. Wanda kuwa ya san gaisuwar Barebari ya san ba abin tsayuwar minti ɗaya ba ce. A tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi rana, a koma kan gida. Na sha gaya masa birkinsa ya fi tayarsa aiki, kuma gaskiya ce, don sau uku nake canja masa robar birki kafin in canja taya ɗaya. Murmushi kawai yake yi ya ce ni mutumin birni ne, ba zan gane ba.

Sai da muka shekara uku da sanin juna ya ba ni labarin Hasna, wata rana ina yi masa faci, ba ma tambayarsa na yi ba. Da hantsi masu bindiga suka shigo ƙauyen, ita tana bakin ruwa tana wanki, harsashi ya same ta, ta rasu nan take. Kowa na gudu, shi ya tsaya, shi da wani dattijo mai suna Goni. Suka ɗauke ta zuwa gefen gonar, kusa da wata tsamiya, ya haƙa kabari da fartanya. Babu macen da za ta yi mata wanka, babu likkafani sai zanenta. Ramin bai kai gwiwarsa ba, don harbin sai matsowa yake. Suka rufe, suka jawo ƙaya suka ɗora, ya saɓi Rashida mai shekara bakwai suka bi bayan mutane.

Tun daga ranar ƙauyen ya zama kufai, sojoji suka hana shiga wajen. Sau biyu Modu ya gwada komawa. Na farko aka juyo da shi daga shinge, na biyu aka zaunar da shi yini guda ana yi masa tambayoyi. Abin da ke cin ransa zurfin ramin nan ne. Akwai kura, akwai karnuka, ga Komadugu da ke cika tana cin gaɓa. Bai taɓa ce mini yana son gonarsa ko injinsa ba. Burinsa ya je ya ƙara wa kabarin ƙasa, ya tsaya ya yi mata addu'a a natse, ya dawo ya gaya wa Rashida cewa uwarta tana nan inda ya ajiye ta. Yarinyar ta girma, ta kai sha shida, kuma ba ta daina tambaya ba.

Bara waccan wata ƙungiya ta shirya abin da ta kira tseren keke na zaman lafiya. Ba a taɓa yin irinsa a nan ba, ba a kuma sake ba. Duk mai keke zai iya shiga. Za a tashi daga Diffa da ƙarfe bakwai na safe a je Geskeru, daga nan sojoji su raka mutane wajen kilomita shida zuwa bakin ruwa, a ɗauki hoto, a juyo. Da aka karanta sunan wurin juyawar a rediyo, Modu yana zaune a rumfata. Tsohon mashigin ƙauyensu ne. Daga nan zuwa gonarsa, ya ce, ko jifa ka yi za ta kai.

Sharaɗi ɗaya aka kafa: rakiyar sojoji za ta bar Geskeru ƙarfe goma daidai, wanda bai iso ba a lokacin a nan zai tsaya. Ni aka ɗauka mai gyara, zan zauna a motar da ke bin bayan kowa, tare da Madam Joséphine mai riƙe da takardar sunaye.

Kwana biyu na yi a kan keken Modu. Na cire rodin, na sa sabuwar sarƙa, na ɗaga sirdi, na wanke shi da kananzir har ya yi kamar na mutane. Ban ji tsoron ƙarfinsa ba. Mutumin da ke jan buhu huɗu a cikin yashi, kilomita talatin da ɗoriya a awa uku ba abin da zai dame shi ba ne. Abu biyu na roƙe shi: kada ya ɗauki kaya, kada ya sauko gaisuwa. Na maimaita har sau uku, ya ce ya ji.

Ashe labari ya zaga unguwarsu. Mutanen ƙauyen da suka watse, rabi suna nan cikin Diffa, rabi kuma suna zaune a bukkoki a gefen kwaltar da za a bi. Da jin Modu zai bi hanyar, kowa ya tuna yana da ɗan'uwa a can. Tsohuwa Tabawa ta kawo zane da sabulu a kai wa 'yarta da ta haihu. Wani ya kawo maganin ciwon ƙafa, wani shayi da sukari, wata ƙullin dabino, wani kuma baki kawai, a gaya wa wane cewa wane ya rasu. Motoci na bin hanyar nan kullum, amma ina ruwansu, ga nasu zai je. Shi kuma Modu ba a taɓa miƙa masa saƙo ya ce a'a ba.

Da safe na hango shi a wajen tashi, ya sa rigar tseren mai ruwan ɗorawa a kan doguwar rigarsa, lamba ɗari biyu da sha huɗu a ƙirji, ga ƙunshi himili guda a kariya, ga fartanya ɗaure a jikin ƙarfen keken. Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Malam Modu, kasuwa za ka ko tsere?"

"Ba su da nauyi, Kalebu," ya ce. "Miƙawa kawai zan yi in wuce."

Mutane sun kai ɗari uku. Akwai samari masu matsattsun wanduna da hulunan roba, akwai malaman makaranta, akwai ma'aikata masu tumbi da suka aro keke don a ɗauke su hoto, da 'yan mata kaɗan. Aka busa usur aka ɗiba. Kilomita goman farko abin ya yi mini daɗi. Ina hango doguwar rigar nan tana kaɗawa, yana wuce masu tumbi ɗaya bayan ɗaya, ba ya ko haki. Na taɓa Madam Joséphine na ce ta duba, wancan aikina ne.

Sai muka iso bukkokin farko. Mutane sun fito bakin hanya kallo, yara na tafi, mata na guɗa. Wani ya hango shi ya kira sunansa. Na ga ƙafarsa ta tsaya a kan feda, na san an gama da ni.

Ya miƙa wa 'yar Tabawa zanenta, amma ai ba a miƙa kayan barka a juya baya. Sai da ya ga jaririn, ya yi masa addu'a. Surukin matar na zaune, dattijo ne, sai cire takalmi. Da ya hau bai yi nisa ba aka sake kira. Haka muka yi ta yi. Motarmu da ya kamata ta kasance nesa da shi ta zo ta tarar da shi, muka koma bin sa a hankali kamar masu rakiyar amarya. Ina leƙowa ta taga ina kiran lokaci, yana ɗaga mini hannu wai yana zuwa. In ya hau sai ya taka da ƙarfi ya cim ma na baya, ya wuce goma, ya wuce ashirin, sannan wani tsoho ya ɗaga sanda, duk su sake wuce shi. Sau goma sha ɗaya na ƙirga.

Da farko Madam Joséphine dariya take yi, har ta ce a rubuta shi a matsayin wanda ya fi kowa ladabi. Na gaya mata dalilin zuwansa da abin da fartanyar nan za ta yi. Ta daina dariya, ta fara duba agogo fiye da ni. Na ce mu ɗora shi a mota mu sauke shi kusa da Geskeru. Ta ce wanda ya shiga mota an cire lambarsa ke nan, amma za ta kau da kai. Na sauka na same shi da maganar. Ya dube ni kamar na ce ya yi sata, ya ce saura saƙo uku, kuma yaya zai wuce mutanen garinsu a cikin mota suna kallo.

Ƙarfe tara da minti ashirin, saura kamar kilomita tara, wajen rabinsu yashi ne. Da zai tafi kai tsaye da ya isa har da sauran lokaci. A daidai inda ake barin kwalta, an shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya, wani tsoho makaho na zaune an jingina shi da buhu. Baba Goni ne, wanda suka binne Hasna tare. An gaya masa Modu zai wuce, tun da sassafe ya sa aka fito da shi.

Wannan kam ban yi ihu ba. Na sauka na tsaya a gefe. Tsohon ya kama hannun Modu da hannu biyu bai saki ba. Ya tambayi Rashida, ya tambayi mutanen Diffa gida-gida, wanda ya mutu da wanda ke raye. Da Barbarci suke yi, ina tsintar kaɗan-kaɗan. Can ya juya Hausa, ina jin don ya ji motsina ne, ya ce, "Modu, in ka je ka ƙara mata ƙasa ta wajen kai. Can ne muka gaza." Daga nan ya ɗaga hannu ya shiga addu'a, ya yi wa Hasna, ya yi wa ƙauyen, ya yi wa hanyar da Modu zai bi. Addu'a ce mai kyau, kuma ina tsaye ina kallon agogo tana cinye abin da ake roƙo a cikinta. Na so in fizge shi. Wallahi na ɗaga ƙafa ma, na mayar. Ban san yadda ake katse makaho yana addu'a ba, ni ma ba a koya mini ba.

Tara da arba'in da biyar ya hau. Ban taɓa ganin an tuƙa keke haka ba, ba na kuma fatan in sake gani. Mutum mai shekara hamsin da wani abu, a tsaye kan feda, cikin yashi, rigar ta manne masa da gumi. Inda yashin ya yi zurfi ya sauko ya saɓi keken ya yi gudu da shi. Ya wuce samarin da suka gaji suna turawa. Sarƙar ba ta zame ba, taya ba ta fashe ba, babu abin da zan ɗora wa laifi a jikin keken.

Goma da minti goma sha bakwai muka isa shingen Geskeru. An riga an sauke ƙarfen da ke tare hanya. Can gaba muna hango motar ƙarshe ta rakiyar tana shiga cikin itatuwa.

Modu ya sauko, ya jingine keke, ya gaida sojan da ke wurin cikakkiyar gaisuwa, yana haki. Sojan saurayi ne, kuma bai yi masa wulaƙanci ba. Ya ce umarni ne, ba mai wucewa shi kaɗai, in wani abu ya same shi a ciki wa zai amsa. Madam Joséphine ta roƙa da Faransanci, ta roƙa da Hausa, ta buga waya ga shugaban ƙungiyar, wanda ke can gaba cikin ayari, wayar ba ta shiga ba. Ni ma na yi nawa, na yi magiya, na yi faɗa, har aka ce in ja da baya. Shi kuwa Modu ya bar bakin shingen. Ya je ya zauna a ƙasa kusa da kekensa, ya fuskanci hanyar.

Wajen sha biyu ayarin ya dawo, ana ta sowa. Na shiga cikinsu ina neman wanda ya ɗauki hoto. Wani malamin makaranta, Zakariya, da nake yi wa gyara, ya zo ya tsuguna ya miƙa wa Modu wayarsa. Hotuna sun fi ashirin. Mutane ne cikin riguna masu ruwan ɗorawa sun ɗaga kekuna sama, bayansu ruwa, gefensu ƙaya ta rufe ko'ina har ta fi mutum tsawo. Modu ya ce a ƙara girman wannan, a matsa gefe, a koma na baya. Ya tambaya ko sun ga wata tsamiya a hannun dama. Zakariya ya ce bai lura ba. Wani ya ce kamar ya ga babbar bishiya, wani ya ce babu, kututture ne a cikin ruwa. Wani kuma ya ce ya ji sojoji na faɗin cewa ambaliyar shekarun nan ta ci gaɓar sosai, inda suka tsaya ma da can tsakiyar gonaki ne.

Ya daɗe yana kallon hoton ƙarshe, sannan ya mayar da wayar da hannu biyu, ya yi godiya. "Ban gane wurin ba," ya ce mini.

Har yau idan na tuna sai in ji zuciyata na tafasa, kuma ban san wanda zan zaga ba. Na zagi masu saƙo, na zagi masu tseren da suka kasa jiran kwata ɗaya, na zagi kaina da ban kwance ƙunshin nan tun da safe na jefar ba. Modu ma na zage shi a raina, ba sau ɗaya ba. Amma na san da ya wuce Baba Goni a guje, da ba zai iya tsayawa a kan kabarin da natsuwar da ya je nema ba. Mutanen nan gaisuwar ce kaɗai abin da suka fito da shi daga ƙauyen, ita ce kuma ta tare shi a hanya. Abin baƙin ciki ne, kuma ban ga ta inda za a gyara shi ba, ni da gyara ne sana'ata.

Ya ƙi shiga mota a dawowa, ya ce akwai saƙo ɗaya da ya tsallake. Mu muka riga shi isowa. Na tarar da Rashida zaune a kan bencin rumfata, ta yi wanka ta sa mayafinta mai kyau, tun azahar take jira. Ta tambaye ni ko sun kai. Na ce ta jira babanta, na duƙufa kan wata taya da ba abin da ya same ta.

Bayan la'asar ya iso, yana tura keken, kariya babu komai. Ta miƙe ta rusuna ta yi masa sannu da zuwa, ta karɓi keken ta jingine, ta ba shi ruwa. Sai da ya sha ya ajiye kofin sannan ta yi magana, a hankali.

"Baba, ka same ta?"

Ya dubi ƙasa. Na yi zaton zai ce mata e, ni ma da na taya shi, da Zakariya ma ya taya mu.

"Ban kai ba, Rashida," ya ce. "Na tsaya gaisuwa a hanya."

Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi su wa da wa ya gani. Ya fara lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya, tana cewa Allah sarki, suka kama hanyar gida.